Ko Kun Sani?

Boraks, wani farin gari mai kama da kanwa, ana zuba shi cikin wasu mayukan shafawa don ya riƙe ruwa da kakin zuma kada su rabu, ya kuma hana tsamin man sauyawa. A jikin kwalba "Sodium Borate" ake rubutawa.

Lafiyayyar fata ba ta shan sa sosai. Amma inda ta tsage, irin fason da hunturu ke yi wa dugadugai a Gusau, Tsafe da Bunguɗu, ta nan yake ratsawa har jini. Tarayyar Turai ta haramta shi a kayan kwalliya tun 2019, saboda illarsa ga haihuwa.

Iyaye mata, a duba kwalba kafin a shafa wa jinjiri.