Gyambon Buruli: Sanadinsa da Maganinsa

Ƙwayar da ke haddasa gyambon Buruli, wato Mycobacterium ulcerans, dangi ɗaya take da ƙwayoyin tarin fuka da na kuturta. An fara bayaninta a Ostireliya a 1948. Sunan kuwa daga yankin Buruli na Uganda aka samo shi. Cutar ta fi yawa a fadamu da bakin ruwa mai kwanciya na Kwaddibuwa, Gana, Benin da Kamaru, ƙasashen da ƴan ci-raninmu ke zuwa.

Takan soma da ƙullutu marar zafi a hannu ko ƙafa. Dafin da ƙwayar ke fitarwa, mikolakton, yana kashe nama, yana kuma danne raɗaɗi. Shi ya sa mai ciwon kan yi jinkirin zuwa asibiti har gyambon ya faɗaɗa, wani lokaci ya taɓa ƙashi, ya bar nakasa.

A da, tiyata ce babban magani. A 2004 hukumar OMS ta ba da shawarar haɗa rifampisin da allurar sitireptomisin. Daga 2017 aka koma ga rifampisin da kilaritoromisin na sha, tsawon sati 8. Don haka, duk wanda ya zo da gyambon da ya ƙi warkewa, a tambaye shi ƙasar da ya zauna, sannan a tabbatar da cutar ta gwajin PCR.