Ɗora Manyan Fayilolin Nazarin Harshe Daga Gungun Kwamfutoci Zuwa Rumbun Intanet: Misali Daga Nangere

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana hanyar da manazarcin harshe zai bi ya kwashe muryoyi da hotunan bidiyo da ya tara, daga gungun kwamfutocin da ya yi aiki a kansu zuwa rumbun ajiya na intanet, ba tare da wani abu ya salwanta ba. An ɗauki misali daga Ƙaramar Hukumar Nangere ta Jihar Yobe, ƙasar masarautar Tikau, inda Karai-Karai suke da rinjaye, ga kuma Ngizim da Bolewa a maƙwabciyarta Potiskum. Duka waɗannan harsuna 'yan'uwan Hausa ne a iyalin harsunan Cadi, kuma baƙon da aiki ya kawo wannan yanki, kamar mai wannan rubutu, ba zai daɗe ba zai lura cewa Hausa tana cin ƙarfinsu a bakin yara.

Yankin ba baƙo ba ne ga masana. Russell G. Schuh ya fara nazarin Ngizim a Potiskum a 1969, ya fitar da ƙamusunsa a 1981. Daga baya shi da Alhaji Maina Gimba suka jagoranci aikin binciken harsunan Yobe, wanda ya samar da ƙamusoshin Bade da Bole da Karai-Karai da Ngamo da Ngizim da aka buga a Potiskum a 2004, aka sake bugawa da ƙari a 2009. Schuh ya rasu a 2016. Masu bin sawunsu a yau ba takarda kaɗai suke tarawa ba, suna tara sauti mai nauyi, wanda in ya ɓata ba lallai ne a sake samun tsohon da ya faɗe shi a raye ba.

2.0 Girman Matsalar

Muryar da za a yi nazarin furuci a kanta ana ɗaukar ta ne a tsarin WAV, wanda ba ya zubar da komai. Idan aka ɗauka a kilohaz 48 da bit 24 ta kafa biyu, awa ɗaya takan ci gigabait ɗaya da 'yan kai. Bidiyo kuwa ya ninka haka sau da yawa. Wani zai ce a mayar da su MP3 a huta. Wannan ba shawara ba ce, domin MP3 yana rage nauyi ne ta hanyar zubar da wani ɓangare na sautin, kuma mai auna zuzau ɗan jirge na Ngizim, ko haɗiyau irin /ɓ/ da /ɗ/, yana buƙatar sautin ne yadda ya fito daga baki. Tsarin FLAC ya fi dacewa, don yakan rage kusan rabin nauyin bai taɓa komai ba.

Gungun kwamfutoci shi ne tarin na'urori da aka haɗa wuri guda a wata jami'a ko cibiya, suna aiki tamkar guda. A can ne ake yanka muryoyi, a daidaita su da rubutu, ko a koyar da na'ura gane magana. Manazarci yana iya zama a Sabon Garin Nangere yana ba gungun umarni daga nesa. To amma gungu ba ma'ajiya ba ce. A wurare da dama akan share fayilolin da suka jima a fagen aiki ba a taɓa su ba, kuma ranar da tallafin bincike ya ƙare izinin shiga ma yakan ƙare.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sauke fayilolin zuwa kwamfutar hannu tukuna, sannan a sake ɗora su a rumbu ta shafin intanet. Bari mu yi lissafi. Gigabait 50 a kan layin da ke tura megabit 2 a daƙiƙa zai ɗauki awa 55 da wani abu, in har layin bai yanke ba, wuta ma ba ta ɗauke ba. Wannan kuma ɗorawa ce kaɗai, ban da saukewa, ban da kuɗin data. Idan kuwa gungun yana kan layi mai gigabit 1, wannan kaya bai kai minti 10 ba a bisa lissafi. Saboda haka ƙa'idar ita ce kada kayan su biyo ta Nangere ko kaɗan. Umarni ne kawai zai tashi daga Nangere, wanda bai fi 'yan haruffa ba, kayan kuwa su tafi kai tsaye daga gungu zuwa rumbu.

3.0 Yadda Ake Ɗorawa

Da farko a zaɓi rumbu. Taskar harsunan da ke fuskantar barazana, wato ELAR, wadda aka kafa a SOAS ta Landan ta kuma koma Balin ta Jamus a 2021, tana da nata ƙa'idojin karɓar kaya, kuma tana ba da damar taƙaita masu saurare. Zenodo, wanda cibiyar CERN ta buɗe a 2013, yana karɓar har gigabait 50 da fayil 100 a kowace ajiya, yana kuma ba ta lambar DOI da za a riƙa ambato a rubuce-rubuce. Wannan iyaka ta fayil 100 ita ce ke sa a ɗaure ƙananan fayiloli a ƙunshi guda da manhajar tar. A ganinmu ya fi kyau a ɗaure su gari-gari ko zama-zama, kowace murya tare da rubutunta, maimakon a yi ƙaton ƙunshi ɗaya wanda ɗalibi a Potiskum ba zai iya saukewa ba.

Daga nan sai a nemi mabuɗin sirri daga rumbun, a yi amfani da shi cikin umarnin curl. Nan akwai abubuwa biyu da sukan kayar da mutum. Na ɗaya, na'urorin lissafi na gungu sau da yawa ba su da hanyar fita intanet, don haka a tambayi masu kula da shi wace na'ura aka ware domin jigila. Na biyu, idan layin manazarci ya yanke, umarnin da ya bayar yakan mutu tare da shi, sai fa in ya tayar da shi a cikin tmux ko screen, waɗanda kan ci gaba da aiki ko ya rufe kwamfutarsa ya tafi aji. Inda rumbu ya amince da rsync ko Globus, sun fi sauƙi, domin in jigila ta tsaya sukan ɗora daga inda aka tsaya.

3.1 Tantancewa

Ganin sunan fayil a rumbu ba shaida ba ce cewa ya isa lafiya. Kafin ɗorawa a fitar wa kowane fayil lambar tantancewa ta MD5, wadda jerin alamomi 32 ne da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa. Ko bit ɗaya ya sauya, lambar za ta bambanta. Zenodo yana nuna tasa lambar bayan ya karɓa, sai a gwama biyun. In sun saɓa a sake ɗorawa, kuma kada a share na gungu sai sun dace. A yi wannan kafin a wallafa, domin bayan wallafa sauya fayil yakan buƙaci a fitar da sabon zubi.

Haka kuma kowane ƙunshi ya tafi da bayanin harshe da karinsa, da gari, da rana, da na'urar ɗauka, da yardar mai magana. A rubuta wannan bayani a tsarin UTF-8 domin ƙugiyoyi da alamomin karin sauti su tsira, amma a guje su a sunayen fayiloli, don wasu na'urori sukan dagula su. Batun yarda kuwa sai an yi hattara. Dattijon Tikau da ya ba da tarihin zuriyarsa, ko matar da ta rera waƙar daka, mai yiwuwa sun amince ne malami ya saurara, ba duniya duka ba. A warware wannan da su kafin a ba da umarnin ɗorawa, sannan a yi musu kwafe mara nauyi a katin waya, a nan ne MP3 yake da amfani.