Abin da ke sa gejin man mota yin ƙarya da yadda ake daidaita shi

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, direbobi da dama suka koma sayen mai lita-lita, idonsu kuma ba ya barin allurar gejin mai. Sai dai a wasu motocin allurar kan nuna rabin tanki, can sai mota ta mutu a tsakiyar hanya.

Sau da yawa gejin lafiyarsa ƙalau. Matsalar ita ce bai dace da na'urar da ke cikin tanki ba.

Wannan na'ura, wadda makanikai ke kira fulota, wani ɗan ƙwallo ne mara nauyi da ke yawo a saman mai, an maƙala shi a jikin siririn ƙarfe. Idan mai ya ragu sai ya sauka, idan an ƙara ya tashi. Motsin nasa ne ke sauya ƙarfin turjiyar lantarki, wadda ake aunawa da om, geji kuma ya mayar da ita matsayin allura.

Kamfanoni ba su bin ma'auni ɗaya. Akwai fulotar da ke ba da om 240 idan tanki ya ƙare, 33 idan ya cika. Tsofaffin motocin General Motors da yawa na aiki da 0 zuwa 90, wasu na Turai kuma 10 zuwa 180.

Matsalar kan faro ne lokacin sauya famfon mai, domin a motoci da yawa shi da fulota a haɗe suke. A kasuwa irin ta Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, mai saye kan duba ko kayan zai shiga tanki, ya manta da lambobinsa. Idan aka haɗa fulotar 0 zuwa 90 da gejin 240 zuwa 33, allura za ta nuna tanki a cike daidai lokacin da babu ko ɗigo.

Gyaran yana farawa da awo. Mai wayarin zai cire kan batir, ya zaro fulota nesa da wuta ko taba, ya ɗora mita a kanta, ya karanta lambar da ta bayar a ƙasa da kuma a sama. Idan lambobin sun yi daidai da na gejin amma allura na kuskure, sai ya duba tsatsa a wayar da ke haɗe da jikin mota, ko ya ɗan lanƙwasa ƙarfen yadda ƙwallon zai kai ƙasan tanki. Idan sun saɓa, sai an sauya ɗaya daga cikin biyun. A sababbin motoci kuwa saƙon kan bi ta kwamfuta, don haka sai an jona na'urar bincike.

Bayan an mayar da komai, ana zuba mai lita goma-goma ana lura da allura. Da yake tanki ba shi da siffa ɗaya daga sama zuwa ƙasa, rabin geji ba lallai ya zama rabin lita ba.

Sakaci da wannan gyara na iya jawo asarar da ta fi ta tura mota. Fetur ne ke sanyaya famfon da ke cikin tanki, kuma yawan tafiya da ragowar mai na rage masa kwana.