Ko Ka San Iska Ce Ke Riƙe Da Linzamin Wutar Banda?

Ko ka san akwai na'urar gashi da ke zuba wa kanta makamashi, ta hura wutarta, ta kuma auna zafinta? Wani Ba'amurke mai suna Joe Traeger ne ya ƙirƙiro ta a jihar Oregon a 1985. Abincinta curin garin katako ne da aka matse, kowanne bai wuce gaɓar yatsa ba. Wani murɗaɗɗen ƙarfe irin na cikin injin markaɗe ne ke tura curin zuwa kaskon wuta, fanka na ba shi iska, ma'aunin zafi kuma na sanar da wata 'yar kwamfuta ko ta ƙara ko ta rage.

Duk da wannan dabara, masu ita kan yi kukan zafi ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. In aka bincika, yawanci ɗayan huɗu ne: curin ya sha danshi ya kumbura ya toshe hanya, ko toka ta cika kasko ta hana iska shiga, ko maiƙo ya lulluɓe ma'auni yana ba da lissafin ƙarya, ko kuma mai gashin ya cika buɗe murfi.

Irin waɗannan matsalolin su ne dai ke damun 'yan banda a bakin madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, daura da Rurum a ƙasar Rano. Bandar tarwaɗa ko karfasar da za ka taya a kasuwar Rano ko Kibiya, kyanta da muninta daga bakin murhu suka samo asali.

Fara da itace. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, sai wuta ta ƙare ƙarfinta wajen ƙafar da shi. Alamarsa farin hayaƙi mai kauri da yaji a ido, ga kifi ya fito da ɗaci. Busasshen marke ko ƙirya kuwa kan ba da garwashi mai daɗewa da siririn hayaƙi mai ɗan shuɗi. Da damina, a jingine itacen gobe kusa da murhun yau.

Sai iska, wadda ita ce uwa uba. Da yawa in zafi ya faɗi sai su ƙara itace, alhali toka ce ta shaƙe garwashin. A kwashe tokar, wuta za ta farfaɗo da kanta. In kuma wutar ta yi tsalle, musamman da hunturu, a rage bakin murhu da guntun kwano, a kuma juya shi daga inda iska ke kaɗawa. Yayyafa ruwa yana tayar da toka ta manne wa kifi.

Me ya sa gaggawa ke ɓata banda? Kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na ɗanyen kifi ruwa ne. In aka zuba masa wuta tun farko, fatar za ta ƙandare ta kulle ruwan a ciki. A ido ya bushe ƙarau, amma bayan 'yan kwanaki ka ɓare shi ka tarar cikin ya yi laushi, ya fara wari. Ƙa'idar ita ce a fara da sanyin wuta har jikinsa ya tsane, a ɗaga zuwa wajen digiri 80 ya dahu, sannan a sassauta ya bushe a hankali. Ɗaga buhun da aka rufe kifin da shi a kai a kai kuwa zubar da zafin da aka tara ne.

A Ghana an magance wani ɓangare na wannan matsala tun 1969, lokacin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da masu bincike na ƙasar suka fito da murhun Chorkor, sunan wata unguwar masunta a Accra. Ginin laka ne mai ƙaramin baki, ana jera faifan ragar waya a kansa hawa-hawa, zafi ya ratsa su duka, itace kuma ya yi auki. Daga baya a Senegal aka samar da murhun Thiaroye mai farantin tare kitse, domin kitsen da ke ɗiga a wuta yana tayar da hayaƙi mai sinadaran da ke iya jawo cutar daji.

Masunci ya kwana a ruwa kafin kifin nan ya zo hannu, bai kamata wahalarsa ta ƙare a bakin murhu ba. Laka da ragar waya ba su fi ƙarfin 'yan bandar Rano da Kibiya ba, haka ma ɗan ma'aunin zafi da za a soka a gefen murhu. Ƙungiyoyin masunta su fara da gina guda ɗaya na gwaji, kowa ya zo ya ga bambancin da idonsa.