Yini Guda Da Iyali A Bakin Ruwan Matsirga

Duk wanda ya sauka Kafanchan, garin da jirgin ƙasa ya raya tun wajen 1927, bai kamata ya koma gida bai leƙa Matsirga ba. Wurin yana kusa da Madakiya, 'yar tafiya kaɗan daga gari. Ruwan daga duwatsun Kagoro yake gangarowa, ya zo ya faɗo daga tsauni mai tsawon kusan mita 30, da rugugin da ba ka jin maganar na kusa da kai.

Ranar hutu sai ka ga maigida ya shimfiɗa tabarma a inuwa, uwargida tana rabon dafa-duka da soyayyar doya, yara kuwa duk sun ƙosa su tsoma ƙafa.

To, a nan gizo ke saƙar. Da damina ana iya sheƙa ruwa can kan duwatsu alhali rana na haskawa inda kuke zaune, kafin ku ankara kogi ya cika ya taso. Ga kuma santsin gansakuka a kan duwatsun. Saboda haka mai yara ƙanana ya daure ya jira kaka, watau daga Nuwamba, sa'ad da ruwan ya ja baya. Ko a lokacin ma, uwargida, kada ki saki hannun auta.