Babban Tanki, Tsohuwar Allura: Abin Da Ya Kamata Masu Babura Su Sani

Tun daga ran 1 ga Yuni, 2022, da Gwamnatin Jihar Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, 'yan Arewa da yawa masu wannan sana'a suka ja da baya zuwa bayan gari. Waɗansu suka koma Sango-Ota da Mowe da Shagamu cikin Jihar Ogun, waɗansu kuwa suka nausa Badun da ƙauyukanta. A can tafiya tana da tsawo, gidajen mai kuma suna da nisa da juna. Shekara guda bayan haka, ran 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki.

Wannan ya sa waɗansu masu babura suka shiga cire tankin da babur ya zo da shi suna ɗora wanda ya fi shi girma, don in sun sami mai a farashin gidan mai su sha da yawa, su huta da 'yan bumburutu na gefen hanya. Dabara ce mai kyau. Amma akwai abin da akan manta da shi, watau allurar da ke nuna yawan mai. Sau da yawa mutum zai ga allura tana nuna saura kwata, ya ɗauki fasinja da kaya ya shiga daji, sai babur ya yi tari ya mutu. Wanda ya taɓa tura babur da almuru a ƙasar da ba ya jin harshen mutanenta ya san ba ƙaramin abu ba ne.

To, me ke kawo haka? Allurar nan ba lita take ƙirgawa ba. A cikin tanki akwai wani ɗan ƙoƙon roba mai yawo a kan mai, makanikai suna ce masa fulot. An maƙala shi a jikin wani siririn ƙarfe mai motsi kamar hannu. In mai ya yi sama hannun ya ɗaga, in mai ya yi ƙasa ya sauka, kuma gindinsa yana goga wata 'yar waya da ke rage wutar da ke zuwa wurin allura ko ta ƙara ta. Ashe ke nan tsayin mai kawai allura ta sani. Tsawon hannun kuwa an yanke shi ne daidai da zurfin tsohon tanki.

Idan aka mayar da wannan tsohon fulot cikin tanki mai zurfi, hannun zai kai iyakarsa tun tanki bai cika ba. Shi ya sa allura takan daɗe a kan F kamar ba a shan mai, daga baya ta faɗo da sauri. A ƙasa kuma abu biyu ke faruwa. Ko dai allura ta kwanta a kan E alhali da sauran mai da yawa, ko kuwa fulot ya tokare da bangon sabon tankin bai kai ƙasa ba, allura ta tsaya a kwata har mai ya ƙare ƙaf. Na biyun shi ne mai kai mutum ya baro.

Bugu da ƙari, tankin babur ba kamar bokiti yake ba. Zaune yake a kan ƙarfen babur kamar sirdi a bayan doki, samansa da faɗi, ƙasansa ya rabu gida biyu matsattsu. Saboda haka rabin tsayi ba rabin mai ba ne. In allura ta zo tsakiya, galibi an riga an sha fiye da rabi.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa, haƙuri yake so. Da farko a kafe babur tsaye a kan babbar ƙafarsa a wuri mai baje, a fili inda iska ke kaɗawa. A juye man da ke ciki duka a jarka. Sa'an nan a sami mudu wanda aka tabbata lita ɗaya yake ci, a manna 'yar farar takarda a gefen gilashin allura. A zuba lita ɗaya, a murɗa makulli, a dakata allura ta natsu, a sa alama. A zuba ta biyu, a sake sa alama. Haka za a yi ta yi har tanki ya cika. Da an gama, mai babur ya san ainihin abin da tankinsa ke ci, ya kuma san ma'anar kowane wurin da allura ta tsaya.

Idan alamomin sun nuna allura ta kauce da yawa, sai a cire wayar batir, a zare fulot, a lanƙwasa hannunsa kaɗan, a mayar, a sake gwaji. Amma a sani lanƙwasawa ba ta ƙara wa hannu tsawo. In aka daidaita ƙasa, sama zai ɗan saɓa. Masu hankali ƙasa suke zaɓa, domin allurar da ta yi kuskure a kan F ba ta cutar da kowa. Wanda ke son duka biyu su zo daidai sai ya nemi fulot mai dogon hannu.

Wani lokaci sabon tanki yakan zo da nasa fulot, amma bai jitu da agogon da ke kan babur ba. Nan aikin riwaya ne, mai mitar awon wuta. A babura da yawa irin na Japan da Sin, mita takan nuna wajen om 100 in tanki ba kome, ta sauka ƙasa da 10 in ya cika. Waɗansu kamfanoni kuwa nasu awon daban ne. In fulot da agogo ba gida ɗaya suka fito ba, ko hannu ya karye don lanƙwasa allura ba za ta faɗi gaskiya ba.

Kada kuma a manta da makunnin mai da ke ƙarƙashin tanki, mai ON da OFF da RES. Man ajiya, watau rizab, shi ne abin da ya rage ƙasa da bakin wani ɗan bututu da ke tsaye cikin tanki. Tun da faɗin gindin tanki ya sake, yawan rizab ma ya sake. A auna shi: a sa makunni a kan ON, a tsiyaye mai har ya daina zuba, a juya zuwa RES, a tari sauran a mudu. A misali, in lita 2 aka samu, babur kuma yana yin kilomita 40 da lita, to mutum yana da kilomita 80 kafin ya sauka ya tura. Har wanda babur ɗinsa ba shi da allura sam, wannan awon ya shafe shi.

Gargaɗi na ƙarshe a kan wuta ne. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari a wurin mai walda, don tururin fetur da ke ciki shi ke fashewa. Ban da sigari, ban da fitilar aci-bal-bal, ban da aiki kusa da murhun mai shayi. A kuma duba ɗaurin tankin sosai, domin kowace lita 4 da aka ƙara nauyin kilo 3 ce a kan ƙarfen babur.

Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Wanda ya iya kashe kuɗi ya sayi babban tanki, bai kamata ya ji ƙyashin ba da safiyar Lahadi guda ya auna shi da mudu ba. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba da sa'ar nema.