Yadda ake daidaita nauyin ƙaramin jirgin nutso na gida

Tun shekarar 2003 ɗalibai a Amurka ke harhaɗa ƙananan jiragen nutso da bututun roba a ƙarƙashin shirin SeaPerch, wanda ya faro daga jami'ar MIT. Jirgin kan shiga ruwa da farfela uku, matuƙinsa na bakin ruwa riƙe da akwatin sarrafawa, doguwar waya ce ke haɗa su. Ɗaura injin da jona waya aiki ne na yini guda. Abin da ke cin lokaci shi ne sa jirgin ya tsaya cak a tsakiyar ruwa.

Ƙa'idar tsohuwa ce, tun zamanin Arkimidis na Sirakus, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS): ruwa kan tunkuɗo abu sama daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Lita ɗaya ta ruwan daɗi kilo ɗaya ce. Don haka jirgin da ya ture lita 5 kuma nauyinsa kilo 5 zai tsaya inda aka sake shi. A kai shi teku, inda lita ke kai kusan gram 1,025, sai ya taso, har sai an ƙara masa kimanin gram 125 na dalma.

Gwanaye ba sa neman daidaito ɗari bisa ɗari. Sukan bar jirgin da ɗan sauƙi kaɗan, yadda in wuta ta ɗauke ko injin ya tsaya zai taso a hankali da kansa. Farfelar tsaye ce ke danna shi ƙasa yayin aiki. Wurin ɗaura kaya ma yana da tasiri: abin da ke tasowa a sama, dalma ko notuna a can ƙasa. Iya tazarar da ke tsakaninsu, iya wuyar kifewarsa. Bututun jikin kuwa akan huda shi don ruwa ya cika shi, domin iskar da ta maƙale a ciki takan gangara gefe guda ta karkatar da jirgin.

Babban tarkon yana cikin zurfi. A duk mita 10 matsi kan ƙaru da kwatankwacin na iskar da ke kanmu, kuma a zurfin mita 10 iskar da ke cikin abu mai laushi takan koma rabin girmanta. Soso mai taushi da aka ɗaura wa jirgin don ya taso sai ya motse, jirgin ya ƙara nutsewa, soson ya ƙara motsewa, har ya dire ƙasa. Maganin shi ne abu mai tauri da ke riƙe iskarsa, kamar gorar masuntan Argungu: guntun bututu da aka toshe bakunansa biyu da gam. Manyan jirage kan yi amfani da wani haɗi na ƙananan ƙwayoyin gilas masu rami. Jirgin Trieste, wanda ya kai Jacques Piccard da Don Walsh wuri mafi zurfi a teku a 1960, da fetur ya dogara, saboda ya fi ruwa sauƙi kuma ba ya matsuwa sosai. Abin da ke nutsar da jirgin kuwa tsakuwar ƙarfe ce da ake zubarwa in za a taso.

Wasu kan saka babban sirinji da ƙaramin inji ke ja, ya zuƙi ruwa a nutse, ya fesar a taso. Dabarar na aiki, amma tana ƙara ƙofar yoyo. Kada kuma a manta da waya: nauyinta kan ja jirgin baya, sai an jera mata ƙananan abubuwa masu tasowa.

Shawara ga mai sha'awar ƙerawa: gwada jirginka a cikin baho ko duro, kana ƙara noti ɗaya-ɗaya, kuma kada ka kunna injin sai ka ga ya tsaya a miƙe yana tasowa a hankali.